Fatun da Na Shafa wa Man Kaɗe

Ubana baduku ne a Zangon Kumasi. Da wannan nake fara wa duk wanda zai ji labarin nan, don kada ya ɗauka rashin sani ne ya sa na yi abin da na yi. Ban taɓa shiga aji ba, gaskiya ne, har yau in takarda ta zo sai an karanta mini. Amma fata na san ta. Tun ban isa ɗaukar bokitin ruwa ba nake zama a bakin rumfarsa ina miƙa masa basilla da zare, kuma kafin a kai ni ɗakin miji, in ka rufe mini ido ka ɗora mini fata a hannu zan gaya maka ta akuya ce ko ta tunkiya ko kirgin sa, har in gaya maka ko majemin ya yi gaggawa. Abin da ya fara koya mini shi ne kada in taɓa barin fata ta bushe. In ta bushe tsagewa za ta yi. A ba ta mai, a murza, a ajiye ta ta sha. Da haka na tashi, da haka na tsufa, da haka na hau jirgi na zo Amurka.

'Yata ce ta kawo ni Landover bayan ta haihu. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, can Northwest Washington wajen ofisoshin jakadanci. Da sassafe take hawa jirgin ƙasan Metro, sai yamma lis. Mijinta tasi yake ja. Saboda haka yarinyar a hannuna ta tashi, a hawa na uku, ɗaki biyu da falo. Ni nake goya ta, ni nake mata kitso, ni nake shafe ta da man kaɗe daga kai har tafin ƙafa. Daga gida ake aiko mini da shi, na ainihi, wanda a Kumasi muke ce wa nkuto, ba irin na kwalba mai ƙamshin turare ba.

Jemage nake kiran ta, kuma ita ta jawo wa kanta. Tana shekara huɗu na shiga ɗaki na tarar ta saƙale ƙafafu a ƙarfen da ake rataye riguna, kai a ƙasa, tana cin biskit. Na ce ta sauko, ta ce mini da Turanci a haka ya fi daɗi. Haka muke da ita har yau: in yi mata Hausa ta ji sarai, ta mayar mini da Turanci, in ji rabi in cike rabin da kallon fuskarta. Da mutumin da ke ƙasanmu ya gaji da dukan silin ɗinsa da sandar tsintsiya saboda dire-diren da take yi, sai uwarta ta kai ta wani gidan wasa inda ake koya wa yara alkafura, jimnastik suke ce masa. Niyyarmu ta je ta gaji ta dawo ta yi barci. Ba ta gaji ba. Shekara goma sha bakwai ta yi a ciki.

Maganar kayan da suke sawa mun yi ta a gida, mun yi ta da mutanen masallaci, an gama. Ba ita na zo faɗa ba.

Ni ce mai kai ta. Bas biyu muke hawa, mu sauka mu taka. Iyaye ba sa shiga wajen wasan, akwai wani ɗaki mai bangon gilashi da ake zama a ciki. Sauran matan da kwamfutocinsu a cinya, ni da carbina da fulas ɗin koko. Ta gilashin nan na koyi wasan ba tare da kowa ya koya mini ba. Abu huɗu suke yi. Akwai wanda za a sheƙo da gudu a dafa wani tebur a juya a sama a dira. Akwai fili mai faɗi da ake sa wa kiɗa. Akwai dogon katako da faɗinsa bai wuce tafin hannuna ba, a kansa suke alkafura da baya, wanda har yau in ana yi kau da kai nake. Sai sanduna biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a kama a yi ta juyi da jiki a miƙe, a saki, a juya a iska, a sake cafkewa. Nan ne gidan Jemage.

Na ga mata masu aiki a rayuwata. Na ga masu dakon kaya a babbar kasuwar Kumasi, na ga masu dakan sakwara tun asuba har hantsi. Ban ga mai maimaita abu ɗaya kamar yarinyar nan ba. Ta faɗo, ta tashi, ta shafa alli, ta koma. Ta sake faɗowa. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo gilashi ta nemi tausayina ba. In kocin ta ce ya isa, sai ta ɗaga yatsa ɗaya, wato saura ɗaya, kuma ɗayan nan nata ba ya ƙarewa. A bas ɗin komawa take aikin makaranta a kan gwiwa, tafin hannu a ɗaye, ta riƙe fensir da kan yatsu.

Kocin baturiya ce, gajeruwa, ita ma baƙuwa ce a ƙasar nan, Turancinta da nawa duk karyayyu ne, sai dai kowa da inda nasa ya karye. Ba ta dariya, ba ta yabo. In ta gyaɗa kai sau ɗaya, to ranar har gida yarinyar rawa take.

Da aka kai ga manyan juye-juye sai ta fara sa fatun hannu. Girif suke ce musu. Fata ce mai kauri, faɗin yatsu uku, a ɗaure ta a wuyan hannu, ta bi ta tafin hannu, a zura yatsu biyu a hudojin da ke bakinta. Kusa da yatsun akwai wani ɗan dunƙule kamar guntun fensir a ɗinke, shi ke maƙale sandar. Kafin a hau sai a fesa musu ruwa kaɗan, a goga burushin ƙarfe, a turmusa su cikin alli. Kashi biyu gare ta: waɗanda take aiki da su, da na ajiya ko waɗancan za su tsinke. Jakarsu daban ce, kuma ba ta bari kowa ya taɓa. Ni dai tun daga bayan gilashi nake hangen su raina na ƙuna. Fata fari fat, ta bushe ta kanannaɗe kamar bandar kifi. Kullum ruwa da alli, ba a taɓa ba ta mai ba. Na ce a raina mutanen nan sun iya ƙera jirgin sama, amma ba su san fata ba.

A shekarar da baƙar fata ya fara hawa mulkin ƙasar nan tana da shekara goma sha uku, kocin ta ce lokaci ya yi. Akwai gasar da ake tantance 'yan matan da za a ɗaga zuwa ajin ƙoli, ajin da daga cikinsa ake zaɓar masu wakiltar ƙasa, kuma wannan ce ta ƙarshe a shekarar. Uwarta ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. In ta samu makin da ake nema an ɗaga ta. In ba ta samu ba sai baɗi, kuma a wasan nan shekara ɗaya ba ƙaramin abu ba ce, jiki na girma yana ƙara nauyi, ƙanana na tasowa a baya. A sauran ukun makinta daidai wa daida ne, da sanduna za ta cike. In sanduna suka tafi daidai ta haye. In ta faɗo, shi ke nan.

Saura kwana goma sha uku, ranar Lahadi, suka tafi suna gidan wata 'yar garinmu. Ni gwiwata na ciwo, na zauna. Jakar na rataye a bayan ƙofa. Na daɗe ina tunanin gudummawar da zan ba yarinyar nan. Ubanta zai ja mota ya kai mu, uwarta ta nemi hutu a wajen aiki, ni ma ai ina da abin da na iya. Na shimfiɗa jarida a teburin kicin na fito da fatun. Na kakkaɓe allin, na goge da tsumma mai ɗumi. Na narka man kaɗe a ludayi na riƙa shafawa da yatsa, gaba da baya, cikin hudojin, gefen ɗinki. Yadda fatar nan ta sha man, sai ka ce ta shekara tana jirana. Na ƙara mata. Da na gama da na farkon na dubi na ajiyar, na ce ai ba a yi wa wasu gata a bar wasu suna kallo ba. Su ma na yi musu. Huɗu suka kwanta a jaridar, sun yi ja kamar dabino, laushi kamar kunnen ɗan akuya. Na mayar da su jaka na zuge, ban gaya wa kowa ba. So nake ta buɗe ta gani da idonta.

Litinin da Talata ubanta ne ya kai ta, gwiwar ba ta sake ni ba. Da ta dawo ranar Litinin na gyara ɗaurin kallabi na zauna a falo ina jiran godiya. Ta gaishe ni, ta shige banɗaki ta daɗe. Ta fito ta ci tuwo da cokali, abin da ba ta yi. Ba ta ko ambaci fatun ba. Na ce a raina 'ya'yan Amurka ke nan. Talata ma haka. Ranar Laraba da safe na kasa haƙuri, tana ɗaura takalmi za ta makaranta na ce, "Jemage, ke ba a yi miki abu ki ce an gode?"

Ta ɗago ta dube ni. Da Hausarta mai tuntuɓe ta ce, "Na gani, Kaka. Na gode. Ya yi kyau."

"Kocin taku ta gani?"

"Ta gani."

Na tambaye ta me ta ce, sai ta ce bas zai wuce ta, ta fita.

Hausar nan da ta yi ita ta tsaya mini a rai, don yarinyar ba ta yi mini Hausa sai in tana lallashina. Na je na buɗe jakar. Fatuna huɗu na can ƙasa a ƙulle cikin leda. A sama akwai wasu sababbi, masu tauri kamar kwali, bakin hudojin da jini ya bushe.

Da yamma na ɗaure gwiwar na bi ta. Ta gilashi na ga abin da ban taɓa gani ba. Jemage ta hau sandar sama ta yi juyi biyu ta sauko tana yarfa hannu. Da ta gwada babban sakin nan da take yi kamar shan ruwa, a kan ramin da ke cike da soso aka sa ta yi, kuma sau uku tana miƙa hannu sandar na suɓuce mata. Kocin na tsaye ta harɗe hannu.

A bas na kama hannunta na buɗe. Tafin ya ɓare wuri biyu, jajir. Na ce ta gaya mini gaskiya, kuma ta yi a hankali yadda zan ji. Ta ce fatar nan ba ta son mai. Bushewar da nake gani ita ake nema, ita ke riƙe alli, allin ya riƙe sanda. In mai ya shiga, sulɓi za ta yi, har ta shafa wa sandar ta ja wa wata yarinya faɗuwa, kuma ba ya fita. Ta ce sababbi kuwa sai an yi makonni, wani lokaci watanni, ana lilo da su kafin su lanƙwashe daidai hannun mai su. Shi ya sa ake ajiye na biyu da aka riga aka hore. Na biyun nan su ne na yi wa gata.

Na tambaye ta me ta gaya wa kocin. Ta ce ta ce ita ta shafa. An yi mata faɗa a gaban dukan yaran.

"Don me ba ki ce ni ce ba?"

Ta dubi taga, sannan ta ce, "In na faɗa, kunya za ki ji ki daina zuwa. Na san ki, Kaka."

Yarinya 'yar shekara goma sha uku. An ɓata mata abin da ta yi shekara takwas tana ginawa, ta kwana uku da shi a ciki, har ta ce mini na gode.

Ni ban saba ba da haƙuri ba, kowa ya sani. Marigayi mijina ya yi shekara arba'in da ni, sau biyu ya ji shi daga bakina, kuma ɗayan ma ba ni ce da laifi ba. Amma ranar Alhamis na sa atamfata mai kyau da mayafin da na zo da shi daga Makka, na sa tsofaffin fatun a jakata. Da muka isa ban shiga ɗakin gilashi ba. Na tura ƙofar da iyaye ba sa bi, na tuɓe takalmi, na taka katifun nan masu lotsawa har gaban kocin. Yara suka tsaya suna kallo. Na dafa ƙirjina na ce mata da Turancina ni ce, ba yarinyar ba.

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta yi magana, Jemage ta fassara. Wai tun ranar Litinin ta sani. Shekara takwas tana jin ƙamshin man nan duk lokacin da na wuce ta a bakin ƙofa, ba ta buƙatar a gaya mata. Faɗan da ta yi wa yarinyar kuma yana nan daram, don ita ta bar jakarta inda hannu zai kai.

Na ce to na ji, na kuma ba da haƙuri. Sannan na ce a riƙa ba ni sababbin da safe, lokacin da yarinyar ke makaranta, in hore su. Wannan ba sai an fassara mini amsar ba, na gan ta a fuskarta. Na ce wa Jemage ta gaya mata ubana baduku ne. Yarinyar ta faɗa mata wani abu da na ji kalmar takalmi a ciki. Na ce ba mai gyaran takalmi na ce ba, amma bar shi. Na fito da tsohuwar fatar hagu da ta dama, na rufe ido, na bi su da babban yatsa. Na nuna mata inda kowace ta karye, na nuna mata ta hagun ta fi miƙewa ta gefen ƙaramin yatsa, na ce yarinyar nan da hagu take ja, hannun dama bi kawai yake. Da na buɗe ido na ga kocin ba ni take kallo ba, Jemage take kallo. Ashe shekara biyu ke nan tana mata faɗa a kan haka.

Ta kama hannuna ta juya shi ta duba. Ta ce, "Ba mai."

Na ce, "Ba mai."

Ta ƙara da cewa kada in ja su su yi tsawo, don fata mai tsawo kan naɗe a sanda ta karya hannu. Na ce na ji. Kafin in fita na je na damƙi sandar ƙasa da hannuna na ji kaurinta. Kaurin muciyata ta tuwon zafi ne, ba ƙari ba ragi.

Kwana bakwai na yi a kai. Muciyar na wanke ta da sabulun kwanoni sau uku na shanya. Hannuna ma haka, kuma duk kwanakin ban shafa musu mai ba, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni, har bayan yatsuna ya yi furu-furu ya fara tsagewa. Da safe in sun watse sai in shimfiɗa tsohuwa kusa da sabuwa. Man ya kashe tsofaffin a wajen aiki, amma bai goge hannun yarinyar daga jikinsu ba, duk inda ta saba lanƙwasa su yana nan. Sai in ɗiga ruwa kaɗan a daidai wurin a jikin sabuwar, in naɗa ta a muciya, in damƙa in juya, in damƙa in juya, in kwance in murza a tafin hannu, in sake aunawa da tsohuwar kada ta wuce. Bakin hudojin da ke yankan ta na goge su da dutsen goge ƙafa har suka daina kaifi. In na gaji in ɗaure su a muciyar da tsumma in yi azahar. Satin nan shinkafa aka yi ta ci a gidan. Surukina ya leƙo kicin ya ga muciya a ɗaure kamar mai karaya, ya tambayi 'yata ko a gaishe ta da jiki.

Da yamma ta tafi da su ta yi lilo, a hanyar dawowa ta nuna mini inda ke cizon ta, washegari in bi wurin. Ba zan ƙara wa kaina abin da ba nawa ba. Muciya ba ta gumi, ba ta da nauyin mutum. Abin da na yi rage hanya ne. Sauran ita ta yi shi, da tafin hannu a ɓare an naɗe da filasta, tana hawa ninkin yadda ta saba. A kwana na uku ta cafke sakin sau ɗaya. A na biyar tana cafkewa fiye da yadda take kuskurewa. A na bakwai kocin ta janye ta daga ramin soso ta mayar da ita kan katifa. Na tambaye ta ko sun kai tsofaffin. Ta ce a'a. Ba ta taɓa yi mini ƙarya a kan sanda ba.

Ranar Juma'a muka tafi a tasin ubanta, tafiyar awa huɗu. Asabar da hantsi aka fara. Babban zaure ne, alƙalai a zaune a tebura da takardu, 'yan mata daga garuruwa daban-daban, kowace da kocinta. Rabon ƙungiyarsu ya zo da sanduna a ƙarshe, saboda haka sai da na zauna na ga ukun farko tukuna. Tsallen tebur lafiya. A katako ta ɗan yi tangaɗi ta tsaya. A fili ta yi kyau. Uwarta da ke lissafi a bayan takarda ta raɗa mini cewa yadda aka zata ne, komai na kan sanduna.

Na hango ta a bakin kwanon alli. Ta ɗaura ta dama, ta ɗaura ta hagu, ta fesa ruwa, ta goga burushi, ta tafa hannu farar ƙura ta tashi. Carbi na hannuna amma na manta inda na tsaya. Ta ɗaga hannu ga alƙalai, ta yi tsalle ta kama ta ƙasa.

Wanda bai ga yarinyar nan a kan sanda ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Sauran yara za ka ga suna aiki. Ita sai ka ce sandar ce ke juya ta. Ta tsaya a kan hannu, ƙafafu a haɗe suna nuna rufi, ta tsaya cak har ka ce ta manta da mu, sannan ta zubo. Ta tashi daga ta ƙasa ta koma ta sama. Juyi ɗaya, juyi biyu, jiki a miƙe kamar igiyar da aka ja. Sai ta saki. Ta tashi bisa sandar, ta wuce ta da baya, ƙafafu a buɗe, hannuwa a gaba ba su riƙe da komai.

Na ji ƙarar fata a kan sanda. A cikin duk hayaniyar zauren nan na ji ta, kuma na ji ba ɗaya ba ce, biyu ce: ta dama ta zauna, ta hagu ta ɗan makara. Da kan yatsu ta kama, ɗan dunƙulen nan ne ya maƙale. Da wata yarinyar ce, da nan ta sauka. Ita ta ja jikinta ta shige juyi na gaba kamar haka aka tsara. Ta ƙarasa, ta saki, ta juya sau biyu a iska, ta dira. Ƙafa ɗaya ta ɗan matsa taki guda. Ta ɗaga hannuwa.

Aka jira maki. Lambobin nan nasu masu ɗigo a tsakiya ban taɓa gane su ba, don haka ban kalli allon ba, kocin na kalla. Allon ya haska. Ta dube shi, ta dubi yarinyar, ta gyaɗa kai. Sannan ta sake gyaɗawa. Shekara takwas ban taɓa ganin na biyu ba. Kafin 'yata ta gama lissafinta ta rungume ni, ni na riga na sani.

Da aka tashi ta hauro inda muke. Ta bar uwarta da ubanta suka gama murnarsu, sannan ta kwance fatun ta ajiye mini a cinya, da ɗuminsu, sun jiƙe da gumi. Ta ce, "Kaka, ta hagu tana cizo har yanzu."

Na ce, "Kawo nan, mara godiya."

Shekara huɗu ta yi a ajin ƙoli. Ta je garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba, mun gan ta a talabijin, ta ciwo lambobin yabo a sanduna da suka cika ƙusa biyu a falo, sau ɗaya har aka sa ta cikin waɗanda suka fita waje da sunan ƙasar nan. Babbar gasar duniya da kowa ke mafarki ba a zaɓe ta ba, gwiwarta ta tsage ana saura 'yan watanni. Aka yi mata aiki. Na ga yadda ta koyi hawa matakalar gidanmu daga farko, taki ɗaya-ɗaya, kuma ban ji ta ce don me ni ba. Bayan shekara ta koma kan sanda. Jami'ar da ke College Park ta ɗauke ta tana karatu tana yi musu wasa, kusa da gida, bas ɗaya. A can ana ihu ana kiɗa, 'yan mata na dariya a bakin kwanon alli, ita ma na ga ta fara dariya kafin ta hau. Duk sababbin fatun da ta saya a shekarun nan ta hannuna suka fara bi. Daga baya har ƙawayenta ke aikowa, kowace da tsohuwarta a haɗe don in ga hannun. Sai da na sa aka kawo mini muciya ta biyu daga gida, don surukina ya samu tuwo.

Tana da shekara ashirin da biyu ta yi wasanta na ƙarshe, ta dira ba ko taki. Yanzu aikin motsa gaɓɓai take yi wa waɗanda suka karye ko aka yi wa aiki, kuma an ce ba ta barin kowa ya tashi sai ya yi saura ɗaya.

Fatun nan huɗu suna cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Duk Sallah nakan fito da su in ƙara musu mai. In ta zo gaishe ni sai in ɗora mata ɗaya a hannu, ta juya ta ce, "Kaka, waɗannan ba su da amfani." In ce ban tambaye ta amfani ba, ta dubi fatar dai. Shekara nawa ke nan, ko tsaga ɗaya babu.